Gumin Tagulla a Jirgin Hidde

Ƙungiyarmu ta masu kula da tsofaffin jiragen ruwa na dakon kaya ta zubar da kaset-kaset ɗinta ne bisa yardar kowa. Haka muke yin komai a garin nan. A zauna, a zuba kofi, kowa ya ɗauki biskit ɗaya a rufe gwangwani, a yi ta magana har wanda bai yarda ba ya gaji ya yarda. Ranar babu ma wanda ya ja. Ina wurin.

Muryoyin matuƙa na ƙarshe ne a ciki, waɗanda suka yi dakon taki da dankali da ƙasa a koguna da tafkunan Friesland da ƙarfin iska. Wani malamin makaranta ne ya bi su gida-gida da rakoda wajen shekara arba'in da suka wuce. Malamin ya mutu, matuƙan ma duk sun mutu. Kaset-kaset ɗin sun fara mannewa, wani in an saka sai muryar ta riƙa jan jiki kamar ta mashayi. Hidde Wynia ya kwashe su ya kai jirginsa, ya yi hunturu guda yana juye su cikin kwamfuta. Da ya gama ya shaida wa taro cewa komai yana kan faifan ajiya biyu, duk abin da ya shiga ɗaya yana shiga ɗayan nan take. In ɗaya ya mutu ɗan'uwansa yana nan. Kabad ɗin da kaset-kaset suka cika kuwa ana buƙatarsa don rigunan ceto.

Kaset ɗaya ba daga kabad ɗin ya fito ba. Marrit Boonstra, mai tuƙa bas ɗin da ke zuwa Leeuwarden, ita ta kawo shi daga gidan iyayenta. Mahaifinta ne a ciki, Ids Boonstra, ƙaramin matuƙan, yana magana fiye da awa ɗaya. Ba ta taɓa saurara ba. Ta ce wa Hidde ya juye ya haɗa da sauran, in ta shirya za ta zo ta karɓa. Da aka tashi zubarwa, shugabanmu Bauke Terpstra ya tambaye ta ko a mayar mata da nata.

"Muryar nake so, ba robar ba," in ji ta.

Aka haɗa da shi.

Hidde makanikin injin jirgi ne da ya yi ritaya. Shi da matarsa Rinske suna zaune a cikin wani tsohon jirgin ƙarfe da ke ɗaure a bayan gadar kasuwa. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur a ɗakin gaba, ba a kashe ta, don Hidde ya yi imani da cewa kunnawa da kashewa ne ke cinye inji, ba aiki ba. Jirgin ƙarfe kuwa ganga ne. Faifan nan biyu suna juyawa, karkarwarsu tana bin ƙafar tebur ta shiga jikin jirgi, ta je ta fito a ƙarƙashin matashin Rinske a ɗakin baya.

A watan Yuni ya kira ni in zo in ga maganin da ya yi wa abin, ko jaridarmu ta mako-mako da nake yi wa rubutu za ta so. Na same shi a durƙushe da fitila a baki. Rinske tana fere dankali a bakin ƙofa.

"Ce masa na yi ko ƙudan zuman nan nasa ya bar jirgin, ko ni in koma wajen ƙanwata," in ji ta.

Hidde ya cire fitilar daga baki. "Shekara talatin tana barci kusa da injin dizal, ba ta taɓa cewa uffan ba."

"Injin dizal kai ni wani wuri yake yi. Wannan ina yake kai ni?"

Ya nuna mini aikin. Da farko ya haɗa akwatin katako, ya liƙe cikinsa da soso mai kauri, ya rataye faifan a ciki da roba, ya rufe. Ƙarar ta mutu. Amma iska ba ta shiga, sai zafi ya fara taruwa. Shi ne ya samo farantan tagulla masu hanyar ruwa a ciki, ya matse su a jikin faifan, ya ja tiyo, ya sa ɗan ƙaramin famfo. Masu irin wannan wasa sukan kai ruwan ga lagireto mai fanka, su busa masa iska ya huce. Hidde ya ce wannan ai korar ƙara ne ta ƙofa ta dawo ta taga. Sai ya huda gefen jirgi sama da ruwa, ya fitar da tiyon, ya haɗa shi da naɗin bututun tagulla, ya zura naɗin cikin kogi. Ruwan kogi ba ya shigowa. Ruwansa ne ke zagayawa, kogi yana shanye zafin ta jikin tagulla. Haka ake sanyaya injin jirgi tun kafin a haife shi, haka kuma ake sanyaya giya a ranar tseren jirage, a zuba kwalabe a raga a jefa ruwa.

Na tambaye shi ko wahalar ta biya. Na ji an ce zafin da faifai ke fitarwa bai wuce na ƙaramin ƙwan fitila ba, ƙaramar fanka mai juyawa a hankali ta ishe shi.

"Fanka tana da murya," in ji shi. Ya ɗaga yatsa. "Saurara."

Na saurara. Ruwa yana lasar jikin jirgi, agwagi suna faɗa a ƙarƙashin gada, wuƙar Rinske tana bin dankali. Daga ƙarƙashin tebur babu komai.

"Har ɗan ƙaramin lasifikan nan na ciki mai tsiwa na yanke masa waya," in ji Hidde. "Yanzu ko a coci za ka iya ajiye ta."

"Ni dai ina barci," in ji Rinske. "Ko da madara yake sanyaya ta, ba ruwana."

Allon ya nuna digiri ashirin da takwas. Na ɗauki hoto, aka buga shi a shafi na bakwai kusa da sakamakon wasan ƙwallo.

Sanyi ya shigo da wuri a shekarar. Kogi ya yi ta hucewa, Hidde kuma ya riƙa zuwa taro da sabon adadi kamar mai kawo labarin jika. Digiri ashirin. Sha biyar. A taron Disamba ya ce sha ɗaya.

"Saura kaɗan mu fara ajiye man shanu a wurinka, injiniya," in ji Bauke.

Wani ya tambaya me zai faru in kogi ya daskare. Hidde ya ce ya riga ya zuba maganin daskarewa irin na mota, kuma naɗin yana can ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa. Ya yi tunanin wannan. Ya yi tunanin yoyo, ya ɗaure kowace mahaɗa da ƙarfe biyu. Ya yi tunanin mutuwar famfo, ya ajiye wani a aljihun tebur. Aka wuce zuwa batun fentin jirgin ƙungiya.

A cikin jirginsu kuwa murhu yana ci tun safe, wanki yana shanye a igiya daga bango zuwa bango, tukunyar miyar wake tana tururi. Tagogi suna zubar da ruwa, Rinske tana bin su da tsumma kowace safiya. Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin ƙarfe ya san wannan gumin. Ɗumi da laima a ciki, sanyi a waje, duk ƙarfen da ke tsakani sai ya jiƙe. Ba abin koyarwa ba ne a garin nan.

Mahaifiyar Marrit, Sjoukje, tana gidan kula da tsofaffi a bakin gari. Tun kaka sunaye suka fara ɓace mata. Zuwa sabuwar shekara tana kiran Marrit da sunan wata yayarta da ta rasu tun Marrit tana makaranta. Abu ɗaya ne bai ɓace ba, kullum da yamma sai ta tambaya ko jirgin Ids ya shigo. Wata ma'aikaciyar gidan ta ce wa Marrit wani lokaci murya takan daɗe a kan mutum fiye da fuska, amma in za a gwada a gwada yanzu, kada a jira bazara.

Marrit ta zo jirgin Hidde wata Asabar da hantsi. Ina can, na mayar masa da sukundireban da na ara. Ta jingine kekenta, ta shigo tana karkaɗe ƙanƙara daga hula, ta ajiye wayarta a tebur.

"Na zo karɓar Heit," in ji ta. Haka ake kiran uba a Friesland, uwa kuma Mem.

"Kin shirya ke nan."

"Ban shirya ba. Mem ce ba ta da lokaci."

Rinske ta zuba mata kofi. Hidde ya ja kujera, ya taɓa kwamfutar, allo ya haska. Ya nemi fayil ɗin. Allon ya yi shiru yana tunani. Can sai muka ji wata ƙara daga ƙarƙashin tebur, siririya, daga cikin soso, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa gilashi da farce. Ta tsaya, ta sake.

"Wannan kuma sabuwa ce," in ji Rinske.

Hidde ya buɗe wani shafi ya karanta. Ya daɗe yana karantawa. Faifai na farko ya mutu tun kafin Kirsimeti. Kwamfutar ta yi ta ƙoƙarin sanarwa ta lasifikan da aka yanke wa waya. Tun lokacin na biyun ne ke aiki shi kaɗai, shi ne kuma yanzu yake ƙwanƙwasa.

Ya durƙusa ya jawo akwatin. Ya karɓi sukundireban daga hannuna ba tare da ya dube ni ba. Da ya ɗaga murfin wani wari ya taso irin na ɗakin ƙasa da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya taɓa soson, ruwa ya fito tsakanin yatsunsa ya ɗiga a kan silifas ɗinsa. A bayan kowane faifai, inda ƙananan wayoyi suke, wani kore-kore ya fito kamar na tsohuwar tukunyar tagulla.

Mahaɗun ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya duba ɗan tankin ruwan, inda ya ja layi da alƙalami tun watan Yuni. Ruwan yana kan layin.

"Bai yi yoyo ba," in ji shi. "Ku duba da kanku. Ko ɗigo bai ragu ba."

Babu wanda ya matso ya duba. Ya shafa tiyon da ke shigowa daga kogi. Ɗigon ruwa sun jeru a jikinsa tun daga bango har cikin akwatin, ta ramin da wayoyi suke bi. Ya shafa farantin tagulla, shi ma haka. Ya ɗaga kai ya dubi taga, inda ruwa ke gangarowa a gilashi, da tsumman Rinske a rataye a gefe. Ba yoyo ba ne, gumi ne.

Ƙas, ƙas, ƙas.

"Rinske, kawo na'urar busar da gashinki," in ji shi. "Mu busar da shi. Fayil ɗaya ne kawai, na Ids. In ya ba ni minti biyu na juye shi."

"Cire hannunka, Hidde," in ji Marrit.

"Yana juyawa fa. Muddin yana juyawa akwai dama."

"In bas ɗina ya fara irin wannan ƙarar, gefen hanya nake gangarawa in kashe. Ba na cewa bari mu kai tasha ta gaba."

"Wannan ba bas ba ne, yarinya."

"Ba injin jirgi ba ne kuma, tsoho."

Ta sunkuya ta bayansa ta zare wayar wuta daga bango. Allon ya mutu, ƙarar ta tsaya. Ta sa shi ya kwance faifan biyu daga farantan, ta karɓi tawul daga igiyar shanya ta naɗe su, ta sa a jakar kekenta. Kofinta yana tebur ba ta taɓa ba.

Aka kira taro na musamman. Bauke ya samo wani kamfani a kudu da ke ceto bayanai daga matattun faya-fayai, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur kusa da gwangwanin biskit don kowa ya ji. Wata mace ce ta amsa. Faifan biyu sun riga sun isa wurinta.

"Ruwa suka faɗa?" in ji ta.

Bauke ya dubi Hidde. Hidde ya yi gyaran murya.

"A'a. Mu muka kai musu ruwan."

Ya yi mata bayani tun daga soso har naɗin tagulla. Ta saurara har ya gama. Ta ce ta ga wanda ya faɗa bahaya, ta ga wanda gobara ta lasa, ta ga wanda kare ya tauna, amma wanda aka haɗa da kogi yau ta fara gani. Ta ce aikin hannun yana da tsabta, ta ga alamar farantan. Sai dai faifai ba ya neman sanyi. Ɗumi irin na jikin mutum ya fi masa, sanyi mai yawa ma daskarar masa da mai yake yi. In dai iska tana ɗan wucewa ta kansa, ya ƙoshi.

"To masu sa musu ruwa fa?" in ji wani daga ƙarshen tebur.

"Shiru suke saya, ba tsawon rai ba. In ruwan bai fi ɗakin sanyi ba, babu laifi, kuɗinsu ne. Ina kwafinku na uku?"

Wani ya juya cokali a kofi.

"Biyu muke da su," in ji Bauke. "Ɗaya yana tsaron ɗaya."

"A akwati ɗaya, wuta ɗaya, tiyo ɗaya. Ai ɗaya ke nan, yallaɓai. Asalin kaset-kaset ɗin fa?"

Kabad ɗin yana bayan Bauke, cike da rigunan ceto masu ruwan lemo. Ba wanda ya waiwaya.

Ta ce na farkon ya tafi, ruwa ya shiga har ciki ya zauna. Na biyun akwai fata, amma ƙarar da muka ji allurar karatu ce take dukan fuskar faifan, duk inda ta daka kuma ta kankare. Ta tambaya ko an daɗe ana barinsa yana yi. Hidde ya ce an zare wuta da wuri. Bai ce wa ya zare ba, Marrit ma ba ta ce ba.

Da aka kashe wayar Hidde ya miƙe ya ce shi zai biya kamfanin, kuma a nemi wani ya riƙe muryoyin. Bauke ya ce zubar da kaset-kaset kowa ya yarda, adadin digiri ma kowa ya ji ya yi dariya, don haka ƙungiya ce za ta biya, fentin jirgi ya jira baɗi. Hidde ya ƙi. Aka ƙara kofi. Aka yi ta magana har ya gaji ya yarda. Aka kuma amince cewa duk abin da ya dawo za a yi masa kwafi uku, ɗaya a ɗakin karatu na gari, ɗaya a gidan Bauke, ɗaya a wurin Hidde.

"Nawa a ina?" in ji Marrit. Shi ne abin da ta faɗa duk zaman.

Amsar ta zo a farkon Maris. An ceto kusan kashi uku cikin huɗu. Wasu matuƙan sun dawo cif, wasu sun dawo da giɓi a tsakiyar labari, biyu ba su dawo ba sam. Na Ids Boonstra shi ne fayil ɗin da aka nema ranar Asabar ɗin, a kansa allurar ta tsaya tana duka. Farkonsa kawai ya tsira, bai cika minti huɗu ba.

Marrit ta ce ba za ta saurara ita kaɗai ba, kuma ba za ta saurara kafin Mem ba. Hidde ya ce zai kawo lasifika mai kyau, don na waya yana cinye ƙasan murya. Ana ruwan sama, sai na ɗauke su a motata. Hidde ya zauna a baya da lasifikan a cinya.

A hanya na tambaye shi yadda kwamfutar take yanzu. Ya ce ya cire akwatin ya sa a murhu. Sababbin faya-fayan suna rataye da roba a fili, da ƙaramar fanka a gabansu. Digiri talatin da biyar. Lasifikan ciki ma ya mayar masa da wayarsa.

"Rinske fa?"

"Ta sayi abin toshe kunne a kantin magani." Ya dubi ruwan da ke bin gilashin mota. "Tun farko ma da an yi haka."

"Tun farko ta ce ka fitar da ita daga jirgin," in ji Marrit daga gaba.

"Ta ce."

Ɗakin Sjoukje yana kallon fili da shanu. Tana zaune a kujera kusa da taga, bargo a gwiwa, an taje mata gashi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya da ladabin wanda baƙi suka shigo masa ba sanarwa.

"Mem, ni ce," in ji Marrit.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Ku zauna mana."

Hidde ya ajiye lasifikan a kan ƙaramin tebur, ya haɗa, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Marrit ta danna.

Sai da aka fara jin shuuu na tsohon kaset, da jan kujera, da malamin yana ƙirga ɗaya, biyu. Sannan wata murya mai kauri, kusa sosai, kamar mai ita ya sa baki a jikin rakodar.

"Ya fara ɗauka? Wannan ɗan akwatin? To, Allah ya kyauta." Tari. "Sjoukje! Malam zai sha kofi. Ki haɗo da biskit, kada ki ɓoye gwangwanin, baƙo ne."

Daga can nesa a cikin kaset wata mace ta amsa, ba a jin abin da ta ce. Muryar ta yi dariya.

Tsohuwar ta juya kanta wajen teburin.

"Ka cire takalmanka tukuna," in ji ta. "Yanzu na goge ƙasan."

Muryar ta ci gaba. Ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa da sunan jirginsu. Ya ce a cikin jirgin aka haife shi, a ƙarƙashin wata gada, lokacin da ƙanƙara ta tsare su da lodin dankali. Su takwas ne a ɗakin da bai kai shagon mai gyaran keke ba. In iska ta mutu, shi da yayyensa ne ke sa igiya a ƙirji su ja jirgin daga gaɓa, mahaifinsu yana riƙe da matuƙi yana shan lofe. Aka ji ƙarar kofi a kan faranti. Ya ce na gode. Ya ce, "To, shekarar da na fara riƙe jirgi da kaina," sai wani ƙaraurau ya shiga, sannan shiru.

Sjoukje ta jira. Ta dubi lasifikan, ta dubi Marrit.

"Ya fita ne?"

"Ya fita, Mem."

"Kullum haka yake. Bai shanye kofinsa ba." Ta gyara bargon. "Ke ma'aikaciyar nan ce?"

"Eh."

"In ya dawo ki ce masa abincinsa yana kan murhu."

Marrit ta ce za ta faɗa masa. Ta sake dannawa daga farko. Da ya kira sunanta, tsohuwar ta sake cewa ya cire takalmansa, da kalmomin da ta faɗa ɗazu, ba ƙari ba ragi. Sau uku aka saka. A na ukun ta yi barci kafin a kai ga dankalin. Marrit ta nuna wa ma'aikaciyar gidan inda ake dannawa, Hidde ya ce a bar lasifikan a nan, yana da wani.

Muka kamo hanyar gida a mota, muka wuce masana'antar madara. Ruwan ya tsagaita. Marrit ba ta waiwaya ba da ta yi tambayar.

"Kai ka ji shi duka, ko? Lokacin da kake juyewa."

"Na ji."

"Me ya ce a sauran?"

Hidde ya sunkuyar da kai. Na gan shi ta madubi yana murza hularsa.

"Allurar sauti nake kallo, kada ta shiga ja," in ji shi. "Kaset wajen sittin ne, duk sun cakuɗe mini. Akwai guguwa a tafki, amma ban sani ba ko tasa ce ko ta wani. Akwai doki da ya faɗa ruwa." Ya dubi ƙeyar Marrit. "Akwai wata yarinya da ba ta son jirgi. In an ɗora ta sai ta yi ta kuka har a sauke ta, ta bi su a gaɓa da keke. Ya ce ta fi su duka wayo. Wannan ina jin nasa ne."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Ina ji."

Mun iso gadar kasuwa, an ɗaga ta wani jirgin yashi yana wucewa. Na kashe mota. Daga nan ana hango jirgin Hidde, da ramin da ya toshe a gefensa, fentin wurin ya fi sauran sabunta.

"Fara daga dokin," in ji Marrit.